Hantar Mai Shan Maganin Ƙanjamau

Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya sa Jihar Katsina cikin masu ƙarancin cutar ƙanjamau a Najeriya, kashi 0.3 cikin ɗari. Sai dai binciken ya zo da wani labari da ba a cika ambata ba: kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya a ƙasar nan suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, a cikin masu ƙanjamau kuwa kusan 9 ne. Wato a layin karɓar magani, daga Sandamu har Daura, akwai mai ɗauke da cuta biyu, ya san ɗaya, bai san ɗaya ba.

Hanta ba ta saurin kuka. Ƙwayar cutar tana sa ta kumburi, ta warke, ta sake kumbura, kowace warkewa ta bar tabo, kamar fatar da ƙuna ta taɓa. Shekara goma, shekara ashirin, tabo yana hawa kan tabo har hantar ta ƙandare, jini ya kasa ratsa ta, alhali mutum yana noma da fatauci lafiya lau. Ranar da ciki ya cika da ruwa, idanu suka yi ɗorawa, ko aka fara aman jini, aiki ya riga ya yi nisa. A gida kuma sai a ce shawara ce, ko sammu, a ɗauko jiƙo.

Ƙanjamau tana ƙara wa wannan ɓarna gudu, domin garkuwar jikin da za ta danne ƙwayar cutar hantar ta yi rauni. Amma akwai abin farin ciki. Ƙwaya ɗaya tak da ake ba yawancin masu ƙanjamau kullum, wadda ma'aikatan lafiya ke kira TLD, tana ɗauke da tenofovir da lamivudine, kuma dukansu biyu suna danne nau'in B. A nan ne kuma haɗarin ya fi tayar mini da hankali. Mutum ya ji sauƙi, ko kuɗin mota ya gagara, ko ya tafi cirani, ko tsoron kada a gan shi a layi ya hana shi zuwa, sai ya ajiye magani. Ƙwayar cutar hantar takan taso da ƙarfi cikin 'yan makonni ko watanni, kuma hantar da ta riga ta yi tabo ba lallai ta ɗauka ba. Ciwon hanta nau'in C kuwa TLD ba ta taɓa shi, yana da nasa maganin na mako 12 da ke warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari.

Gano tabon ba sai an je Asibitin Malam Aminu Kano ba. Akwai lissafin APRI, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2015 domin wurare irin namu: awon jini biyu ne kawai, na sinadarin hanta da na ƙwayoyin da ke daskarar da jini. A ganina haƙƙin duk mai karɓar magani ne ya tambaya, “An auna mini hanta?”

Akwai kuma abin da ke hannun gida. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna a rumbu suna ɗauke da guba mai jawo dajin hanta, musamman ga mai nau'in B. Askar wanzami, ta kaciya ce ko ta cire beli ko ƙaho, ta zama sabuwa ga kowane mutum. Jaririn da ya kamu da nau'in B wajen haihuwa, sau 9 cikin 10 cutar takan zauna masa har girma. Allurar rigakafin nau'in B ta shiga jadawalin yaran Najeriya tun 2004, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Ko a gida aka haihu, a hannun ungozoma, a kai jaririn asibiti ranar, kada a jira sai bayan suna.