Shirin Horar da Manazarta a Kan Amanar Bincike

Gabatarwa

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne bayanin irin shirin da ya kamata malami ya yi kafin ya zauna horar da sababbin manazarta a kan riƙon amana a bincike. Maganar ta shafe mu duka, malamai da ɗalibai, domin duk wanda ya rubuta kundin digiri ya shiga sahun masu bincike, kuma a kan abin da ya rubuta ne na bayansa za su ɗora nasu ginin.

Dokoki da Iyakarsu

Masana sun yi ittifaki cewa manyan laifuffukan bincike uku ne, wato ƙaga bayanan da ba a samo ba, da murɗe waɗanda aka samo don su dace da ra'ayin mai bincike, da satar aikin wani. Domin magance su ne aka fitar da Sanarwar Singafo a 2010, sannan ƙungiyar cibiyoyin ilimi ta Turai mai suna ALLEA ta fitar da kundin ƙa'idojinta a 2017, ta kuma sabunta shi a 2023. Kundin ya tsaya a kan ginshiƙai huɗu: ingancin aiki, gaskiya, girmama jama'a da ɗaukar alhaki.

Sai dai sanin doka bai isa ya tsare mutum ba. A 2011 Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan ta dakatar da Farfesa Diederik Stapel, shugaban tsangaya guda, bayan wasu matasan manazarta uku sun kai ƙararsa. Rahoton kwamitocin bincike na 2012 ya tabbatar da maguɗi a maƙalu 55, kuma ƙagaggun bayanansa sun shiga kundayen digiri na uku guda 10, domin shi yake miƙa wa ɗalibansa alƙaluman a shirye. Mai irin wannan muƙami bai jahilci doka ba. Halinsa ne ya gaza.

Matsayin Hali

A nan ne ilimin kyawawan halaye ya shigo. Aristotal, masanin falsafar Girka, ya koyar da cewa hali nagari da yawan aikatawa ake samunsa, kamar yadda magini yake ƙwarewa da yin gini, kuma yana zaune ne tsakanin gazawa da wuce gona da iri. Alal misali, jarumtaka tana tsakanin ragwantaka da ganganci. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. A nazarinsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya jero halaye goma da Bahaushe yake auna mutum da su, kuma gaskiya da amana suna cikinsu, haka ma kunya da ladabi.

Wani zai ce ai hali zanen dutse ne, ina amfanin horo? Amsa ita ce Bahaushen da ya faɗi haka shi ne kuma ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da yake bincikensa na farko ɗanye ne a wannan fage, ko da ya yi furfura.

Shirin Mai Horarwa

Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna VIRT2UE daga 2018 zuwa 2021 domin horar da masu horarwa bisa wannan tafarki. Abin lura a tsarinsa shi ne, sai malami ya fara yin darussan a kan kansa kafin ya kai su gaban wasu. Shiri na farko ke nan: malami ya waiwayi ayyukansa, ya tuna inda ya taɓa yin sassauci, ya kuma yarda ya faɗa a gaban aji.

Na biyu, ya tanadi matsaloli daga fagen nazarin ɗalibansa. A ce ɗalibi ya ɗauki waƙar daka daga bakin wata tsohuwa a ƙauye, da ya dawo ya tarar rikoda ba ta kama ɗango biyu ba, ga lokacin miƙa kundi ya ƙarato. Yana tune da ma'anarsu, amma kalmomin sun kuɓuce masa. Shin ya cike da nasa, ko ya bar gurbi ya bayyana dalili, ko ya nemi kuɗin mota ya koma? Ko kuwa a ce ɗalibi ya gano kuskure a littafin malamin da yake duba aikinsa. Kunya da ladabi suna ce masa ya yi shiru, gaskiya tana ce masa ya yi magana. Aikin mai horarwa shi ne ya taimaka masa ya gano yadda zai faɗi gaskiyar cikin ladabi.

Na uku, ya koyi riƙe bakinsa. Idan malami ya riga ɗalibai yanke hukunci, za su haddace amsarsa su mayar masa ranar jarrabawa, halinsu kuwa yana nan yadda yake. Haka kuma dole ya ba su tabbacin cewa abin da aka faɗa a zaman ba zai bi kowa zuwa takardar sakamako ba, in ba haka ba babu mai buɗe cikinsa.

Kammalawa

Shawarar wannan rubutu ga sashenmu ita ce a riƙa yin irin wannan zama kafin ɗalibai su fita tattara bayanai, domin a can ne jarrabawar gaskiya take, inda babu mai ganin ɗalibi sai wanda yake hira da shi. Tsohuwar da ta rera waƙar nan mai yiwuwa ba za ta taɓa karanta kundin ba, saboda haka amanar kalmominta tana wuyan wanda ya rubuta su, da malamin da ya sa hannu.