Zaizayar ƙashi: abin da ke cikin tukunyarmu na iya hana tsofaffinmu karaya

Sau da yawa a unguwanninmu ana jin cewa wata gyatuma ta zame a banɗaki ko a bakin murhu, ƙugu ya karye, daga nan ba ta sake tashi ba. Wata kuma bayanta ne ke rusunawa sannu a hankali, tsawonta na raguwa, a ce ai tsufa ne. Amma galibi ciwo ne mai suna, wanda lokotoroci ke kira osteyoporoz, wato zaizayar ƙashi. Ƙashi na yin ramuka daga ciki kamar itacen da gara ta ci, ba zafi ba alama, sai ranar da ya karye. Ƙungiyar duniya mai yaƙi da ciwon ta kiyasta cewa cikin waɗanda suka haura shekara 50, mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 za su yi irin wannan karaya.

Ƙashi kamar rumbu yake. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyom ɗin jiki yana cikin ƙasusuwa da haƙora, kuma jiki na tara shi tun ƙuruciya har wajen shekara 30. Idan abinci bai kawo isasshe ba, sai jiki ya ɗiba daga rumbun, domin zuciya da tsoka ma suna aiki da shi. Mata sun fi shiga haɗari bayan ɗaukewar al'ada, saboda sinadarin da ke kare ƙashinsu yana raguwa a lokacin.

Babban mutum na bukatar kimanin miligiram 1000 a rana, matasa masu tasowa 1300, mata da suka wuce shekara 50 kuma 1200. Matsalar ita ce hatsi, dawa, masara da shinkafa, waɗanda su ne ƙarfin cimarmu, ba su da kalsiyom mai yawa. Binciken da aka yi a Jos, a Najeriya, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa lanƙwasar ƙafafun yara da dama a can ta samo asali ne daga ƙarancin kalsiyom a abinci, duk da ranar da suke sha.

Maganin yana kasuwa kusa da mu. Rubu'in litar madara ko kindirmo na ba da kusan miligiram 300. Kenan fura da nono na gaske ta fi wadda aka tsinka da ruwa zalla, kuma cukun da ake kawowa daga yankin Tawa abinci ne na ƙashi. Ga wanda nono ya yi wa tsada, akwai garin kuka, zogala, malohiya, riɗi da ƙananan busassun kifi da ake ci har da ƙayarsu. A yawaita kuka a miya, a ci kwaɗon zogala sau da yawa a mako. Jiƙa hatsi ko barinsa ya yi tsami, kamar na koko, yana rage abin da ke hana hanji tsotsar kalsiyom.

Kalsiyom ba ya shiga jiki da kyau sai da bitamin D, wanda fata ke haɗawa idan rana ta taɓa ta. Matan da ke wuni a ɗaka da tsofaffin da ba su fita su riƙa zama a tsakar gida na ɗan lokaci, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Tafiya a ƙasa ma na ƙarfafa ƙashi, yayin da taba, giya da yawan gishiri ke raunana shi.

To, ƙwayoyin kalsiyom fa? Suna da amfani ga wanda abincinsa ya gaza, ga mai ɗauke da ciwon, da mai juna biyu idan ungozoma ta rubuta mata a wurin awo. Amma ba a shan su da ka. Jiki ya fi tsotsar miligiram 500 ko ƙasa da haka a tashi ɗaya, yawansu kuma na kawo taurin bayan gida, har da tsakuwar ƙoda. Suna kuma hana ƙwayar ƙarin jini da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta aiki, don haka a raba lokacin shansu. A nemi shawara a CSI, a saya a farmasi.

Babban haɗari shi ne ƙwayoyin ƙiba da ake saya hannun masu talla a titi. Da yawansu na ɗauke da deksametazon ko danginsa, wanda ke kumbura fuska da jiki amma yana cinye ƙashi idan aka daɗe ana sha. Wadda ta jima a kansu kada ta bari farat ɗaya, ta ga lokotoro ya rage mata a hankali. Haka duk wanda ya haura 50 ya karye daga ɗan faɗuwa, bayan ɗori ya je asibiti a duba ƙarfin ƙashinsa, domin karaya ta farko kan jawo ta biyu.