Nau'o'in Barkwanci a Finafinan Ban Dariya: Daga Motsin Jiki zuwa Sarrafa Harshe

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta karkasa barkwancin finafinai gida huɗu bisa la'akari da inda dariyar take ɓullowa. Manufar ita ce a nuna cewa gwargwadon dogaron barkwanci a kan harshe da al'ada, gwargwadon wahalar fitar da shi daga cikin al'ummar da ta haife shi.

2.0 Barkwancin Motsin Jiki

Wannan nau'i ba ya bukatar magana. Faɗuwa da tuntuɓe da guje-guje su ne jarinsa. A fim ɗin Modern Times (1936), Cali Caflin ya fito a matsayin lebura mai ɗaure noti a masana'anta, har hannuwansa suka ci gaba da murɗawa bayan ya bar bakin inji. Bahaushe da Bature duk za su dara, domin ido kaɗai ke aiki.

3.0 Barkwancin Sarrafa Harshe

A nan dariya tana fitowa daga karya ƙa'idar harshe da gangan. Ɗan wasa kan mayar da "ƙasa" ta koma "kasa", ko ya ce wa mace "ya zo", ko ya rikita "gari" na zama da "gari" na tuwo ta hanyar sauya tsawon wasali. Marigayi Usman Baba Pategi (Samanja), wanda ya rasu a 2023, ya yi fice da Hausar bariki mai gauraye da Turanci. Fassara ba ta iya ɗaukar irin wannan, domin kuskuren yana cikin sautin ne.

4.0 Barkwancin Zumunta

Tushensa wasannin da al'ada ta halatta, kamar na taubasai, da na jika da kaka, da na Fulani da Barebari. A irin wannan wasa ana gaya wa juna baƙar magana ba tare da an ƙullaci juna ba, saboda kowane ɓangare ya san haƙƙinsa na ramawa.

5.0 Zambo da Shaguɓe

Nau'i na huɗu yana fakewa da dariya domin ya soki masu iko ko wata mummunar ɗabi'a. Caflin ya yi wa Hitila haka a The Great Dictator (1940). A ƙasar Hausa, 'yan kama sun daɗe suna kwaikwayon karatun malamai da zancen abinci. Finafinan camama, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro (ya rasu 2014) ya yi suna a cikinsu, sun gaji wannan salo wajen fito da maƙaryaci da marowaci da ɗan damfara.

6.0 Kammalawa

Matsalar tana tasowa ne idan aka haɗa nau'i na biyu da na uku. Wasan zumunta yana da abokin ramawa a zaune, amma fim yana zuwa Legas da Fatakwal, inda wanda aka kwaikwayi Hausarsa zai kalla ba tare da damar mayar da martani ba. Abin da yake wasa a Kano kan iya zama cin fuska a can. Don haka ya wajaba manazarta harshe su riƙa tambaya: wa ake yi wa dariya, kuma wace dangantaka ce ta ba da izinin yin ta?