Baƙon Yini a Biranen Fatake: Balaguron Jirgin Ruwa a Arewacin Turai da Gadon Ƙungiyar Hansa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin balaguron shaƙatawa da manyan jiragen ruwa kan yi zuwa biranen gaɓar teku na arewacin Turai tsakanin Mayu da Satumba. Ta nuna cewa hanyar da jiragen ke bi a yau ta hau kan tsohuwar hanyar fatauci ta ƙungiyar Hansa, kuma abin da kamfanonin ke tallatawa gado ne da doguwar zama ta fatake ta samar, alhali fasinjan yau yini ɗaya kawai yake yi a kowane birni. An dubi batun ta fuskar tunanin da masana suka gina daga nazarin zangon Hausawa.

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara, manyan jiragen yawon buɗe ido kan tashi daga Kiel ko Hamburg a Jamus, ko Copenhagen a Denmak, ko Southampton a Ingila, ɗauke da dubban fasinjoji, su yi mako ɗaya ko biyu suna zaga Tekun Baltik ko gaɓar Noruwe. Tsarin tafiyar kusan iri ɗaya ne: jirgi ya kwana yana tafiya, a wayi gari a bakin wani birni, fasinja ya sauka da hantsi, ya dawo kafin faɗuwar rana. Makwancinsa da yawancin abincinsa duk a cikin jirgin suke.

Kafofin watsa labarai na Hausa sun saba kiran wannan lokaci da «bazara». Kalmar ta zauna, amma tana iya ɓatar da mai karatu, domin lokacin ya fi dacewa da daminarmu a kalanda, kuma abin da ya bambanta shi a can tsawon yini ne fiye da zafi. Stockholm da Tallinn da Helsinki suna kusa da digiri 60 arewa da tsakiyar duniya, inda yinin ƙarshen Yuni kan wuce awa 18. Kano, wadda ke wajen digiri 12, yininta ba ya kai awa 13 a duk shekara. Da hunturu kuwa al'amarin kan juya: rana ta gajarce ƙwarai, wasu sassan tekun na gabas da arewa su daskare. Saboda haka kasuwar ta 'yan watanni ce, kuma wannan ƙurewar lokaci ita ce tushen yawancin matsalolin da za a ambata a gaba.

Ita kanta sana'ar ba baƙuwa ba ce a yankin. Albert Ballin, shugaban kamfanin jiragen ruwa na HAPAG a Hamburg, shi ne ya tura jirgin Augusta Victoria yawon shaƙatawa zuwa Bahar Rum a 1891, don kada jirgin ya zauna banza da hunturu. A 1900 kamfanin ya ƙaddamar da Prinzessin Victoria Luise, wanda ake ɗauka shi ne jirgi na farko da aka ƙera musamman don wannan aiki.

2.0 Hanyar da fatake suka shata

Duk wanda ya dubi jerin tashoshin da ake tsayawa, irin su Rostock, Gdansk, Visby, Riga, Tallinn da Bergen, zai ga sunayen da suka cika tarihin Hansa. (Kamannin wannan suna da «Hausa» a rubuce haɗuwa ce kawai; tsohuwar kalmar Jamusanci ce mai nufin ayari ko ƙungiya, kuma ita ce ke cikin sunan Lufthansa.) Hansa ta faro a matsayin haɗin kan fataken Jamus masu fita ƙetare, daga baya ta zama ƙawancen birane. Cibiyarta ita ce Lübeck, wadda aka kafa a 1143, aka sake gina ta a 1159. Babban taronta na farko ya zauna a can a 1356, na ƙarshe kuma a 1669. Ba ta taɓa samun sarki ko rundunar dindindin ba, amma ta yaƙi Sarki Valdemar na Huɗu na Denmak, wanda ya ci Visby a 1361, har ta tilasta masa yarjejeniyar Stralsund a 1370.

Kayan fataucin ba na ƙawa ba ne sosai. Turai ta wancan zamani tana da ranakun azumin Kirista masu yawa da ba a cin nama a cikinsu, don haka kifi ya zama abincin dole. Gishirin Lüneburg kan bi ta Lübeck zuwa gaɓar kudancin Suwidin ta yau, inda ake adana kifin da aka kama a cikin ganguna. Busasshen kifin tsibiran Lofoten kan sauko Bergen a musanya shi da hatsi, wanda arewacin Noruwe ba ya iya nomawa da yawa. Fatu masu gashi da kakin zuma kan fito daga Novgorod ta Rasha, tufafin ulu daga Filandas da Ingila, hatsi da katako kuma daga Gdansk. Jirgin da ya ɗauki wannan kaya ƙarami ne: wanda aka tono a Bremen a 1962, ƙirar wajen 1380, tsawonsa bai wuce mita 24 ba. Jiragen yawon buɗe ido na yau da dama sun haura mita 300.

Abin da ya fi kaya muhimmanci ga wannan nazari shi ne masaukin fataken a ƙasashen da ba nasu ba, wanda suke kira Kontor. Manya guda huɗu ne: na Landan, na Bruges, na Bergen da na Novgorod. Kowanne yana da dokokinsa da shugabanninsa, yana zaune bisa gatan da mai mulkin ƙasar ya ba shi. A Novgorod fatake kan zo rukuni biyu, masu zaman rani da masu zaman hunturu, kowane rukuni ya yi watanni, kuma cocinsu ne ma'ajiyar kaya mafi tsaro. A Bergen maza ne zalla, an hana su aure muddin suna cikin masaukin, yaro kan shigo yana ɗan koyo ya shafe shekaru kafin ya zama mai gidan kansa. Saboda tsoron gobara, ba a hura wuta a gidajen katakon, sai a wasu zauruka na musamman da ke bayansu.

A nan ne mai nazarin Hausa zai ji batun ya zo gida. Abner Cohen, wanda ya nazarci unguwar Sabo ta Ibadan da cinikin goro da shanu a littafinsa na 1969, shi ne ya fito da tunanin al'ummar fatake mazauna ƙetare: jama'a mai harshe ɗaya da addini ɗaya, warwatse a garuruwan wasu, wadda ke magance matsalar amana da bashi da samun labarin kasuwa ta hanyar riƙe bambancinta. Philip Curtin ya ɗauki wannan tunani a 1984 ya shimfiɗa shi a kan tarihin cinikin duniya baki ɗaya. Wato ma'aunin da ya dace a auna Kontor da shi, daga zango aka samo shi. Sai dai kamancin yana da iyaka. Zango ya ginu a kan maigida mai iyali, wanda ke saukar da baƙo, ya tsaya masa, kuma zuriyarsa ta zauna ta zama 'yan gari. Kontor ya hana wannan da gangan, don kada ɗan kasuwa ya narke cikin mutanen gari ya manta da Lübeck. A ra'ayin mai wannan nazari, wannan na cikin dalilan da suka sa zango ya rayu bayan gushewar ayarin jakuna, shi kuwa Kontor ya mutu da zarar gatansa ya faɗi. Ivan na Uku ya rufe na Novgorod a 1494, Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta rufe na Landan a 1598, na Bergen kuma ya ja har 1754.

Duk da haka, ƙarnoni na zama sun bar alama. Birane kusan 100 sun ɗauki dokar birni ta Lübeck, ciki har da Tallinn a 1248. Salon ginin jan bulo na cocin Maryama da ke Lübeck ya bazu a gaɓar kudancin tekun. Jamusancin ƙasa-ƙasa, harshen fataken, ya shiga harsunan Suwidin da Denmak da Noruwe da Istoniya sosai: kalmar da Suwidawa ke amfani da ita don «biya», betala, daga gare shi take, haka ma språk, wato «harshe». Wanda ya san yadda kalmar «albasa» ta isa Yarabanci ta bakin Hausawa ba zai yi mamakin wannan ba.

3.0 Abin da fasinja ke gani

Wannan kamanni tsakanin biranen shi ne ya sa ake iya sayar da su a dunƙule, tamkar babi-babi na littafi ɗaya. Hukumar UNESCO ta sanya da yawansu cikin wuraren tarihi na duniya: unguwar Bryggen ta Bergen a 1979, Lübeck a 1987, Visby a 1995, Tallinn da Riga a 1997. Amma labarin da ake ba fasinja cikin 'yan awoyi yakan shafe wasu bambance-bambance. Copenhagen hedikwatar abokin hamayya ce. Daga 1429 zuwa 1857 sarakunan Denmak na karɓar kuɗin fito daga jiragen da ke ratsa mashigin Øresund. Helsinki kuwa Sarki Gustav Vasa ne ya kafa ta a 1550 don ta ƙwace ciniki daga Tallinn. Stockholm na tsakiya: Jamusawa sun riƙe rabin kujerun majalisar birnin har 1471.

Haka nan ba duk abin da ido ya gani ba ne tsoho. Gidajen Bryggen an sake gina su ne bayan gobarar 1702, kodayake a kan tsohon tsari. Tsakiyar Gdansk ta rushe kusan gaba ɗaya a 1945, abin da ake ɗauka hoto a yau aikin maginan Folan ne na bayan yaƙi. Wannan bai rage darajar wuraren ba, illa dai ya kamata a san cewa gadon zaɓaɓɓe ne, wani ne ya yanke shawarar abin da za a maido da abin da za a bari.

Girman jirgi ma yana sauya taswirar. Mashigin Kiel, wanda aka buɗe a 1895 mai tsawon kusan kilomita 98, yana rage tafiya tsakanin Tekun Arewa da Baltik, amma manyan jiragen ba sa iya bi ta ƙarƙashin gadojinsa, dole su zagaya Denmak. Tsofaffin tashoshin cikin gari sun yi musu kaɗan, don haka da yawa kan tsaya a Gdynia maimakon Gdansk, ko Zeebrugge maimakon Bruges. A Warnemünde, tashar Rostock, fasinjoji da yawa kan wuce kai tsaye zuwa Berlin, tafiyar kusan awa uku zuwa, uku dawowa, ba tare da sun taka birnin Hansa da suka sauka a bakinsa ba.

4.0 Baƙon da ba ya kwana

Ɗan kasuwar Kontor matsalarsa ga masu gari ita ce ya zauna ya yi kane-kane, yana cin gata ba ya bin dokarsu. Matsalar fasinjan yau akasin haka ce. Visby gari ne mai mutane dubu ashirin da 'yan kai, tsohon ɓangarensa na cikin ganuwa mai tsawon kilomita uku da ɗoriya. Jirage biyu manya na iya zuba dubban mutane a lungunansa a safiya ɗaya, su kwashe su da yamma. Tashar jiragen tana samun kuɗin tsayawa, masu motocin safa da 'yan rakiya da masu sayar da tsaraba suna samu, amma masu otal ba sa ganin komai, masu gidajen abinci kuma kaɗan suke gani, tunda an riga an biya kuɗin abinci a jirgi. Cunkoso da hayaƙi kuwa na kowa ne.

Batun muhalli ya fi tsanani a Baltik saboda yanayinsa. Teku ne marar zurfi, matsakaicin zurfinsa wajen mita 55, ƙofarsa ƙunci gare ta, ruwansa ba ya sabuntuwa da sauri, don haka ƙazantar da ta shiga takan daɗe. Tun 2015 aka rage sinadarin salfa da aka yarda da shi a man jiragen yankin zuwa kashi 0.1 cikin ɗari, daga baya kuma aka hana jiragen fasinja zubar da ruwan bayan gida da ba a tace ba. Jirgin da ke tsaye a tasha ma injinsa ba ya mutuwa, domin yana ciyar da gari guda da wutar lantarki, shi ya sa Hamburg da Kiel da Rostock da Bergen suka kafa na'urorin ba jirage wuta daga tudu.

Wasu wuraren sun wuce nan. Bergen ta ƙayyade yawan jirage da fasinjojin da za ta karɓa a rana. Majalisar birnin Amsterdam ta kaɗa ƙuri'a a Yulin 2023 don a kawar da tashar waɗannan jirage daga tsakiyar birnin. Majalisar dokokin Noruwe ta yanke a 2018 cewa zuwa 2026 jirage marasa fitar da hayaƙi kaɗai za su shiga mashigan tekunta da ke cikin jerin UNESCO, irin su Geiranger. Daga baya gwamnati ta ɗage wa manyan jirage wa'adin zuwa 2032, domin ƙauyukan da ke can sun dogara da baƙin, kuma fasahar ba ta kai ba tukuna.

Siyasa kuma ta sake yanke hanyar a gabas, kamar yadda ta yi a 1494. Shekaru da dama St Petersburg ce babbar abin jan hankali a balaguron Baltik. Birnin bai san Hansa ba, tunda a 1703 aka kafa shi, amma yana bakin kogin Neva, wanda fataken suka riƙa bi zuwa Novgorod. Rasha ta ba fasinjojin jiragen damar shiga na awa 72 ba tare da biza ba idan suna cikin rukunin da aka shirya, kuma a lokacin yana cikin wurare ƙalilan da jirgi kan kwana a tasha. Bayan Rasha ta mamaye Yukiren a Fabrairun 2022, manyan kamfanonin sun cire birnin daga jadawalinsu. Wasu suka cike gurbin da Visby ko Riga ko Klaipeda, wasu suka karkata jiragensu zuwa gaɓar Noruwe, wato wuraren da tun farko suke kukan baƙi sun yi musu yawa.