Daga Halojin Zuwa LED: Kimiyyar Da Ke Cikin Fitilar Mota

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Murtala Muhammad, kusa da kasuwar Sabon Gari, bayan sallar isha'i, zai ga fitilun motoci iri biyu suna wucewa. Wasu haskensu ya yi ruwan ɗorawa, wasu kuwa fari ne fat, har da ɗan shuɗi-shuɗi. Na farkon ƙwan halojin ne, wanda yawancin motocin da ke kan titunan Kano suka zo da shi daga kamfani. Na biyun ƙwan LED ne. Wasu sababbin motoci da shi aka ƙera su, amma da yawa daga waɗanda ake gani a Fagge masu motocin ne suka saya a shagunan kayan mota na Sabon Gari ko na Ƙofar Ruwa, suka kai wa mai riwaya ya cire tsohon ƙwan ya ɗaura sabon. Aikin bai fi 'yan mintoci ba. Sai dai wannan ɗan sauyi ya shafi idon kowane direba da ke tahowa daga ɗaya hannun, da mai A Daidaita Sahu, da ɗan dakon da ke tsallaka titi da kaya a ka. Saboda haka ya cancanci a dube shi da idon kimiyya.

Yadda ƙwan halojin yake aiki

A cikin ƙwan halojin akwai wani siririn zare na ƙarfen tangistin, naɗaɗɗe, wanda tsawonsa bai wuce 'yan milimitoci ba. Idan lantarki ya bi ta cikinsa sai ya yi zafi fiye da digiri 2,500 a ma'aunin Salshiyas, har ya yi fari ya ba da haske, kamar yadda ƙarfe ke yin ja a wutar maƙera. An zaɓi tangistin ne domin ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422. Duk da haka, zafin yakan sa zaren ya riƙa zaizayewa a hankali. A tsohon ƙwai na gargajiya, abin da ya zaizaye yakan manne a jikin gilashi ya baƙanta shi. Dabarar halojin ita ce a zuba 'yar iskar aidin ko ta buromin a cikin ƙwan. Wannan iska takan kama tangistin ɗin da ya tashi, ta mayar da shi jikin zaren. Hakan ba ya yiwuwa sai gilashin kansa ya yi zafi ƙwarai, shi ya sa ake yin ƙwan ƙarami, da gilashi mai jure wuta. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa masu riwaya na ƙwarai ba sa taɓa gilashin da yatsa, domin maiƙon hannu yakan lalata wurin da ya taɓa idan ƙwan ya ɗau zafi.

A shekarar 1962 aka fara sa ƙwan halojin a fitilun motocin Turai, da samfurin da ake kira H1. Daga baya H4 ya fito, mai zare biyu a ƙwai ɗaya: na dogon haske mai cin wat 60, da na gajeren haske, wanda direbobi ke ce wa dim, mai cin wat 55. Babban aibin wannan ƙwai shi ne ɓarnar wuta. Abin da ke zama hasken da ido ke gani bai kai kashi 10 cikin 100 na lantarkin da ya sha ba, sauran duk zafi ne.

Daga ina LED ya fito?

LED ba shi da zaren da ake ƙonawa. Wani ɗan falle ne mai hawa-hawa, na sinadaran da ke barin lantarki ya wuce ta hanya ɗaya kawai. Idan ƙwayoyin lantarki suka tsallaka daga wannan hawa zuwa wancan, sai su zubar da wani ɓangare na ƙarfinsu, ƙarfin ya fito a matsayin haske. Nick Holonyak na kamfanin General Electric a Amurka ya samar da mai jan haske a shekarar 1962, wato shekarar da halojin ya shiga mota. Amma shekaru kusan 30 aka yi ana amfani da shi a ƙananan fitilun rediyo da makamantansu kawai, domin an kasa samun mai shuɗin haske mai ƙarfi, kuma sai da shuɗi ake samun fari.

Masana uku 'yan ƙasar Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka warware wannan matsala a farkon shekarun 1990, da sinadarin galiyam naitirayid. Aikin ya jawo musu lambar yabo ta Nobel a fannin fiziks a 2014. Farin LED ɗin da ake gani yau shuɗi ne a asali. An shafe samansa da wani garin sinadari mai ruwan ƙwai, wanda ke sha wani ɓangare na shuɗin ya mayar da shi rawaya, haɗuwar biyun ta ba ido fari. Ɗalibi na iya ganin wannan rawayan shafe a fuskar kowace tocila ta zamani idan tana kashe. Motar Lexus LS 600h ta fito da LED a gajeren haskenta a 2007, Audi R8 kuma ta zo da shi a dukkan fitilarta ta gaba a 2008.

Amfanin LED a fili yake. Ƙwan halojin mai wat 55 a kan batirin bolt 12 yana jan kusan amfiya 4.6, wato 55 a raba da 12. Ƙwan LED mai wat 24 amfiya 2 kawai zai ja. Ga shi ba shi da zaren da gargadar hanya za ta tsinka, kuma yana kamawa nan take. Ga tsohuwar motar da injin cajinta ya gaji, wannan sauƙi ne babba.

Inda matsalar take

Fitilar mota ba ƙwai ba ne kaɗai. A bayan ƙwan akwai wani kwano mai ƙyalli kamar madubi, wanda aka lanƙwasa da lissafi. Kwanon yana da wuri guda a tsakiyarsa inda idan haske ya taso daga nan, zai tattara shi ya tura shi gaba a miƙe. A daidai wannan wuri masu ƙera fitilar suka ajiye zaren halojin, kuma sun yi lissafinsu ne a kan zare siriri mai watsa haske ta kowace fuska. A ƙwan H4 har da wata 'yar garkuwa a ƙarƙashin zaren dim, wadda ke tare hasken da zai bugi ƙasan kwano ya tashi sama. Sakamakon haka, dim ɗin fitila mai lafiya yana da iyaka a sama: ƙasa da layin akwai haske, sama da shi duhu. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, layin da ya dace da titunanta shi ne wanda ya kwanta ta hagu, inda motoci ke tahowa, ya ɗan ɗaga ta dama domin a ga gefen hanya da masu tafiya a ƙasa.

Ƙwan LED na canji kuwa fallaye ne a manne a jikin allon ƙarfe, kowanne yana haska fuska ɗaya. Idan allon ya yi kauri, ko fallayen suka fi zaren halojin faɗi, ko suka goce daga gurbinsa da ko da milimita ɗaya ko biyu ne, kwanon zai tura hasken inda ba a nufa ba. Wani ya zuba a gaban bamba, wani ya tashi sama ya shiga idon jama'a. Mai motar zai ga gabansa ya yi fari tas, ya ɗauka ya ƙaru. Alhali hasken da ya taru kusa da shi yana sa ƙwayar idonsa ta tsuke, ganinsa na nesa ya ragu, kuma can nesan ne haɗari yake ɓuya.

Na gaba da shi kuwa ya fi shiga uku. Idon da ya saba da duhu, idan haske mai ƙarfi ya doke shi, yakan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi kafin ya dawo daidai, kuma lokacin yana ƙaruwa da yawan shekaru. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan aka kashe wa direbanta ido na daƙiƙa 3, ya yi tafiyar mita 50 ke nan bai ga komai ba. A titin Katsina ko titin Ibrahim Taiwo, tazarar mita 50 na iya ƙunsar mai baro da almajiri da babur mai ƙafa uku da ya tsaya sauke fasinja. Bugu da ƙari, bincike ya nuna haske mai shuɗi-shuɗi ya fi damun ido a kan mai ruwan ɗorawa, ko da ƙarfinsu ɗaya ne. Ƙasar Faransa ta taɓa wajabta fitilu masu rawayan haske tun daga shekarun 1930 har zuwa 1993, da nufin rage kashe ido.

Zafin Kano da hazonta

Mutane da yawa suna zaton LED ba ya zafi. Yana yi, sai dai zafinsa ta baya yake fita, ba ya bin hasken. Ga shi kuma ba ya jure wa zafi kamar halojin: da zarar fallen ya ɗau ɗumi sai haskensa ya ragu, idan abin ya yi yawa ya mutu. Don haka ake yi wa ƙwan gindi mai haƙarƙarin alminiyam, wani lokaci har da 'yar fanka. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, motar da ta maƙale a cunkoson Kantin Kwari injinta yana ƙara dafa bayan fitilar. Idan gindin ƙwan ya yi girma har mai riwaya ya cire robar da ke rufe bayan fitila bai mayar ba, ƙurar hunturu za ta shiga ta toshe fankar, ta kuma dusashe kwanon, ruwan damina ya ƙarasa sauran. Dubban awoyin da aka rubuta a jikin kwali ba za su samu a wannan hali ba.

Hazo ma yana da nasa hukuncin. Ƙurar da ke yawo a iska tana mayar da haske baya. Fitilar da ke watsa haske sama tana gina wa direbanta farin bango a gaban gilashi, shi ya sa a cikin hazo dim ya fi dogon haske amfani.

Abin da ya kamata a yi

Wasu ƙasashe sun sa wa wannan canji doka. A Jamus, a shekarar 2020 ne aka fara amincewa da ƙwan LED na canji, kuma ga jerin motocin da aka gwada shi a cikin fitilunsu kawai. A Ingila, a 2021 aka sa a ƙa'idar binciken lafiyar mota cewa fitilar halojin da aka cusa wa LED ba ta ci jarrabawa ba, in ban da tsofaffin motoci. Darasin da ke ciki shi ne ƙwai da kwano tare ake auna su.

Kafin mai mota ya kashe kuɗinsa, yana da kyau ya binciki abin da ya rage masa haske. Sau da yawa murfin fitilar ne, wanda na roba ne, rana ta ƙona shi ya yi dishi-dishi, kuma ana iya goge shi. Wani lokaci waya ce ta yi tsatsa. Idan ƙarfin wutar da ke isa ƙwan halojin ya ragu da kashi 5 cikin 100, haskensa kan ragu da kusan kashi 15. Wani lokaci kuma saitin fitilar ne ya goce.

Idan ya ga lalle sai LED, to ya nemi mai lamba ɗaya da tsohon ƙwansa, mai siririn allo, wanda fallayensa suka zauna a gurbin zaren. A ɗaura shi fallayen suna kallon hagu da dama, a mayar da robar baya. Sa'an nan a yi gwajin bango. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri da dare, mita 10 daga bango. A auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, a ja layi da alli a bangon daidai wannan tsayi, a kunna dim. A yawancin ƙananan motoci, iyakar hasken ta hagu za ta kwanta kimanin santimita 10 ƙasa da layin allin. Idan haske ya haura layin, a gyara saiti. Idan kuwa babu wata iyaka da ake gani, sai haske a warwatse, wannan ƙwan bai dace da wannan fitila ba, kuma mayar da halojin shi ya fi alheri.

Malamin kimiyya na iya nuna wa ɗalibansa wannan duka a aji da tsohuwar tocila mai kwano. A rufe tagogi, a haska bango, sa'an nan a riƙa jan ƙwan gaba da baya kaɗan-kaɗan. Ɗalibai za su ga ɗigon hasken yana bajewa, har duhu ya bayyana a tsakiyarsa, alhali ƙwan bai canja ba, batirin ma bai canja ba. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa zai iya yi wa mahaifinsa ko yayansa direba bayani, kafin a kai motar gidansu wurin mai riwaya.