Babu Ranar Rufewa: Yadda NASA Ta Sauya Tsarin Neman Kuɗin Binciken Sararin Samaniya

Duk wanda ya taɓa cike fom a intanet a daren da za a rufe rajista ya san yadda abin yake. Shafi ya ƙi buɗewa, data tana ƙarewa, agogo kuma ba ya jiran kowa. Masana kimiyyar sararin samaniya a Amurka sun daɗe suna shan irin wannan wahalar, sai dai su abin da ke kan layi shi ne albashinsu da na ɗaliban da ke aiki a ƙarƙashinsu. A shekarar 2021 hukumar NASA ta gwada cire ranar rufewa gaba ɗaya a wasu shirye-shiryenta.

Yadda ake neman kuɗin tun asali

Yawancin masu nazarin hotunan duniyar Mars da duwatsun Wata ba ma'aikatan NASA ba ne. Malaman jami'o'i ne da masu bincike a cibiyoyi daban-daban, kuma da yawansu da kuɗin tallafi ake biyan su. A kowace shekara, galibi tsakiyar Fabrairu, hukumar ta saba fitar da wata doguwar sanarwa mai suna ROSES, wadda ke jera fannonin da za ta ba kuɗi. Mai nema zai rubuta takardar da ke bayyana abin da zai bincika da yadda zai yi, yawanci cikin shafi 15, ya haɗa da kasafin kuɗi, sannan jami'in da makarantarsa ta ba izini ya tura ta shafin NSPIRES.

A tsohon tsari, kowane fanni yana da rana ɗaya tak a shekara, kuma ƙofa na rufewa da ƙarfe 11:59 na dare agogon gabashin Amurka. Wanda rashin lafiya ko haihuwa ko rasuwa ta faɗa masa a wannan makon, sai ya jira baɗi. Saboda tsoron haka, mutane kan tura takarda ko da ba ta nuna ba, da tunanin gara a jefa ƙugiya ko ba a kama ba. Takardu suka yi yawa, har a wasu fannonin ƙasa da ɗaya cikin biyar ke samun kuɗi.

Abin da ya sauya a 2021

Da sanarwar ROSES ta 2021, sashen binciken duniyoyi na hukumar ya sa shirye-shirye 7 a wani tsari da ake kira NoDD, wato babu ranar rufewa. Daga cikinsu akwai Exobiology, mai nazarin asalin rayuwa da yiwuwar samun ta a wajen duniyarmu, da Emerging Worlds, mai duba yadda duniyoyin da ke kewaya rana suka samu. Akwai kuma LARS, wanda ke tallafa wa aikin awon samfurin da kumbuna ke kawowa, irin giram 121.6 na ƙura da tsakuwa da kumbon OSIRIS-REx ya kawo daga dutsen Bennu a watan Satumban 2023.

A wannan tsarin, mai bincike zai iya turawa duk ranar da ya shirya. Sanarwar 2021 ta ci gaba da karɓa har ƙarshen Maris na 2022, lokacin kuwa sabuwar sanarwa ta riga ta fito, don haka ƙofa ba ta rufe ba. Amma an gindaya sharaɗi: wanda aka ƙi takardarsa ba zai sake tura ta ba sai shekara ta zagayo. Da babu wannan, da wasu sun riƙa turo abu ɗaya kowane wata kamar saƙon talla.

Me ya sa takardu suka ragu?

Da farko mutum zai ɗauka cewa buɗe ƙofa kullum zai jawo ambaliyar takardu. Akasin haka aka gani, kuma tun kafin NASA. A 2015 hukumar NSF, wadda ke ba da kuɗin binciken kimiyya a Amurka, ta cire ranar rufewa a shirye-shirye 4 na kimiyyar ƙasa. Takardu suka sauko daga 804 a 2014 zuwa 327 cikin wata 11 na farko, ragin kashi 59 cikin 100. A 2018 sassanta na nazarin halittu da injiniyanci suka bi sahu. NASA ma ta ga raguwar takardu bayan ta fara nata gwajin, kason masu samun kuɗi kuma ya ƙaru.

Dalilin a fili yake. Idan babu ranar da za ta wuce mutum, babu abin da zai sa ya tura ɗanyen aiki. Zai jira sakamakon gwajinsa ya fito, abokan aikinsa su karanta, sannan ya tura.

Masu rubuta manhaja sun san wannan. Sabar da za ta ɗauki mutum dubu goma a wata ba tare da gumi ba, za ta iya durƙushewa idan duk suka shigo cikin awa ɗaya. A harkar tallafi, alƙalai su ne sabar. Masana ne da ake roƙo su ajiye nasu aikin su karanta na wasu, kuma duk wanda ya shiga gasar ba zai yi alƙalanci a kwamitin da ke duba takardarsa ba. Idan kowa ya tura rana ɗaya, samun alƙali ya zama aiki. Idan takardu suna shigowa kaɗan-kaɗan, kullum akwai waɗanda hannunsu bai shiga ba.

Inda gizo ke saƙar

Tsarin yana da nasa ƙalubalen. Wasu mutanen ranar rufewa ce ke zaunar da su su yi rubutu, kuma malamin da koyarwa ta sha masa kai zai iya ta cewa gobe har shekara ta ƙare. Sannan babu ranar rufewa ba ya nufin amsa nan take, domin sai takardu sun taru ake kiran kwamiti. Akwai kuma batun adalci: dole masu rabon kuɗi su yi tanadi, kada wanda ya turo a ƙarshen shekara ya tarar tukunya ta ƙare alhali aikinsa ya fi na farko.

Ina ruwan mai waya a Kano ko Maraɗi?

A ƙa'ida NASA ba ta biyan cibiyoyin da ke wajen Amurka. Masanin wata ƙasa zai iya shiga a matsayin abokin aiki, amma ƙasarsa ko makarantarsa ce za ta ɗauki nauyinsa. Sai dai abin da binciken ya haifar yakan isa ga kowa. Ɗaya daga cikin shirye-shiryen 7, PDART, aikinsa a lokacin shi ne adana bayanan kumbuna da ƙera manhajojin sarrafa su, kuma rumbun bayanan duniyoyi na hukumar, PDS, a buɗe yake kyauta ga duk mai intanet.

Akwai kuma darasi ga masu gina shafukan rajistar jarabawa da neman aiki da tallafin karatu. Idan shafi ya faɗi a daren ƙarshe, abin da aka saba yi shi ne ƙara ƙarfin saba ko ɗaga ranar da mako guda. Wasu abubuwan, kamar jarabawa, dole sai da rana. Amma ga tallafin da ake rabawa duk shekara, yana da kyau mai tsara shafin ya tambayi masu kuɗin ko ranar rufewar tana da wani amfani tun farko.