Hajiya Balaraba Ramat: daga makarantar manya zuwa rubuta littattafai

A cibiyoyin yaƙi da jahilci, sau da yawa ɗalibi yakan ce shi ya girma, kansa ba ya ɗaukar karatu. In ya iya rubuta sunansa da lissafin gyaɗarsa, ya ishe shi. Mata kuwa sukan ce aiki ya yi masu yawa, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga reno. To, ga labarin wata Bahausa wadda ta zauna ajin karatun manya kamar kowa. Daga baya ta rubuta littattafan da aka karanta har ƙasashe masu nisa. Sunanta Hajiya Balaraba Ramat Yakubu.

Ƙuruciyarta

Hajiya Balaraba ƴar birnin Kano ce, cikin Najeriya. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1975 har aka kashe shi a 1976. Amma sunan gidansu bai sa an bar ta ta yi karatu mai zurfi ba. An fidda ta daga makarantar boko, aka yi mata aure ba ta kai shekara 14 ba. Mijin ya girme ta ƙwarai. Auren bai kai shekara 2 ba ya mutu, ta koma gidan mahaifinta.

Sai ta roƙi a bar ta ta koyi ɗinki da saƙa. A wurin koyon ana koya wa mata karatu da rubutu da Hausa. Can ta riƙe alƙalami da kyau, kuma ba ta sake shi ba.

Mene ne ƙagaggen labari?

Kowa ya san tatsuniya, wadda tsofaffi ke yi wa yara da dare, ta Gizo da Ƙoƙi. Ƙagaggen labari ɗan uwanta ne, amma akwai bambanci. Cikinsa mutane ne irin na gari: manomi, ɗan kasuwa, kishiya, malami. Marubuci ne ke ƙaga sunayensu da abin da ya same su. Mutanen ba su taɓa rayuwa ba, amma wahalarsu ta gaskiya ce. Amfaninsa shi ne a faɗi gaskiya mai ɗaci ba tare da an tona asirin kowa ba.

Wannan hanya Hajiya Balaraba ta bi. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. A 1990 ta fidda Wa Zai Auri Jahila? Labarin wata yarinya ce mai suna Abu. An hana ta makaranta, aka ba da ita ga wani tsoho. Ta gudu, ta nemi ilimi, har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Wanda ya san tarihin marubuciyar ya san inda labarin ya samo tushe.

Cikin shekarar 1990 ɗin ta fidda Alhaki Kuykuyo Ne. Shi kuma labarin Rabi ne, uwar ɗiya 9. Mijinta ya yi amarya, ya kore ta tare da yaran. Rabi ta kama saida abinci, ta ciyar da su, ta yi masu tarbiyya. Shi kuwa mijin, alhaki ya bi shi har dukiyarsa ta ƙare. An mai da wannan littafi fim. A 2012 wani kamfani na ƙasar Indiya ya buga shi da Ingilishi, mutanen da ba su jin Hausa su ma suka san Rabi.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Wasu sun ce irin waɗannan littattafai suna ɓata ƴan mata. Wasu sun ce bai kamata mace ta fito da maganar cikin gida a fili ba. Duk da haka ba ta daina ba. Mata da yawa sun ga rayuwarsu cikin labaran, suka riƙa saye suna ba juna aro.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Rubuta labari daban, buga shi daban. Cikin shekarun 1980 kuɗi sun yi wuya a Najeriya, manyan kamfanonin buga littafi suka ja baya. Sabon marubuci ba ya da wurin kai aikinsa. Saboda haka marubutan Kano suka haɗa kai, suka kafa ƙungiyoyi. Ɗaya daga cikinsu ita ce Raina Kama. Hajiya Balaraba tana cikin manyanta, tare da Ɗan'azumi Baba da Ado Ahmad Gidan Dabino. Shi ma Ado a makarantar dare ta manya ya yi karatun boko, kuma littafinsa In Da So Da Ƙauna, na 1991, ya yi suna a ƙasar Hausa duka.

Ga yadda suke yi a wancan lokaci. Marubuci ya nemi kuɗinsa, ya kai aikinsa ƙaramar maɗaba'a, sannan ya kai littafin kasuwa ga masu saidawa. Cikin littafin ana jera sunayen littattafan sauran ƴan ƙungiya. Ta haka wanda ya yi suna yake jan sabon shiga, mai saye ya san da shi. Wanda ya riga ya san hanya yana nuna wa na baya inda zai taka. Daga bisani Hajiya Balaraba ta shugabanci wata ƙungiya ta mata marubuta mai suna Kallabi, domin mata su ma su samu inda za su ƙarfafa juna.

Darasi ga ɗaliban karkara

Hausar da aka rubuta waɗannan littattafai da ita, ita ce ake ji a Maradi, Damagaram da Tawa. Kuma kowane ƙauye yana cike da labarai: shekarar fari, tafiya cin rani, rikicin gona, auren dole. In ba a rubuta su ba, suna bin tsofaffi kushewa.

Mai son farawa ba ya bukatar kaya masu yawa. Kaye guda da bik sun isa. Ya zaɓi abu ɗaya da ya sani da kyau. Ya sauya sunayen mutane da na gari. Ya rubuta layi 5 ko 10 kowace rana bayan aiki. In ya gama, ya karanta wa ƴan ajinsu da ƙarfi. Inda suka yi shiru suna saurare, nan labari ya yi daɗi. Inda suka yi tambaya, nan ke son gyara. Sannan ya ba malamin cibiya ya duba rubutun, a aiko wa jarida.

Wanda ya riga ya iya kuma, kada ya yi wa na baya dariya. Ya zauna kusa da shi, ya kama masa hannu. Magidanci kuwa ya bar matarsa da ɗiyarsa su je karatu. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. Tarihin Hajiya Balaraba ya nuna goyo ma ba ya hana shi.